Gurbin karatun likita da makin da ya iso a makare

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara fitar da sunaye, za ka ga iyaye a bakin ofishin ɗaukar ɗalibai rungume da fayil. A ciki akwai takardar JAMB mai maki 290 ko 300 da ɗoriya, ga sakamakon NECO fes, kiredit tara, amma sunan yaro bai fito cikin masu karatun likita ba. Maganar farko da ke fitowa ita ce an sayar da gurbinsa. Ba a ce son kai ya ƙare a ƙasar nan ba, to amma idan aka buɗe shafin yaron a CAPS, tsarin intanet da JAMB ke bi wajen ba da gurbi, sau da yawa sai a tarar gurbin sakamakon sakandare har yanzu yana ɗauke da AR, alamar ana jiran sakamako. Takarda tana hannun uba, na'ura ba ta san da zamanta ba. Babban abin da aikin ɗaukar ɗalibai ke koya wa mai yin sa ke nan: makin da ya iso gaban jami'a ranar da ta zauna jera sunaye, da shi ake auna yaro.

Sai an fahimci lissafin tukuna za a gane dalili. Mai neman MBBS, wato digirin likita, yana rubuta Turanci, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks a UTME, jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, tambaya 180 cikin awa biyu, jimillar maki 400. Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa bayan taron JAMB da shugabannin makarantu, 140 a 2024 da 150 a 2025, bai shafi mai neman likitanci ba. Wannan ƙofar gari ce kawai, ɗakin da yake nema yana can ƙurya. A sakamakon farko na 2025, cikin kusan mutum miliyan 1.95 da suka rubuta, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa dubu 12 ne da 'yan ɗaruruwa. Yawan gurabun ma ba jami'a ce ke yanka wa kanta ba. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likita a Najeriya, ita ce ke ƙayyade wa kowace makarantar likita adadin da za ta ɗauka, bisa malamanta da ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta, kuma makarantar da ta zarce adadin ta jawo wa ɗalibanta matsalar rajista da hukumar. Shi ya sa babu wani tsayayyen maki da za a ce duk wanda ya kai shi ya shiga. Ana jera mutane daga sama, a ƙirga gurabu, inda suka ƙare nan layi ya tsaya. Makin da ya shigar da wani bara yana iya barin ƙanensa a waje bana.

Makin UTME kuma ba shi kaɗai ake dubawa ba. Kowace jami'a tana da yadda take haɗa nata jimillar. A tsarin da Jami'ar Ibadan ta daɗe tana bi, ana raba makin UTME da 8, a raba na Post-UTME, wato jarrabawar tantancewa da jami'ar ke yi da kanta, da 2, a haɗa su cikin 100. Jami'ar Legas tana ba UTME kashi 50, Post-UTME kashi 30, sakamakon sakandare kashi 20, inda A1 ke cin maki 4, B2 3.6, B3 3.2, C4 2.8, C5 2.4, C6 2. A ɗauki yara biyu a auna su da wannan mudu. Na farko ya ci 320 a UTME, wato maki 40, amma darussansa biyar duk C5 ne, maki 12, jimilla 52. Na biyu ya ci 296, wato 37, darussansa biyar A1, maki 20, jimilla 57. Tun kafin su shiga zauren Post-UTME mai 296 ya riga ya ba mai 320 ratar maki biyar, kuma maki biyar a nan daidai yake da maki 40 na UTME. Bambancin A1 da C6 a darasi ɗaya tak ya kai maki 16 na UTME. Iyaye da yawa suna kashe kuɗin lesin a kan JAMB, su ɗauki WAEC a matsayin abin da kiredit kawai ake nema a ciki. A jami'ar da ke ƙirga darajar kiredit, wannan asara ce da ba a ganin ta sai ranar fitar da sunaye. Inda ba a ƙirgawa kuwa, A1 tara ba za ta ƙara wa yaro ko ɗigo ba, nauyin duk ya koma kan Post-UTME. Saboda haka a san mudun jami'a kafin a zaɓe ta.

A jami'o'in tarayya akwai wani rabo a kan wannan: kashi 45 na cancanta, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, waɗanda mafi yawan jihohin Arewa ke ciki. Kowane kaso da nasa layin. Abin da ya sa yaro biyu 'yan aji ɗaya a Zariya ko Kano za su ci maki kusan ɗaya, ɗaya ya shiga ɗaya ya rasa, sau da yawa jihar asalin da ke rubuce a JAMB ce. Wanda aka yi wa kuskure a jiha ko ƙaramar hukuma lokacin rajista, ya gyara tun kafin a fara tantancewa, kuma ya tabbata abin da ke JAMB ya yi daidai da abin da ke kan NIN ɗinsa da takardar shaidar asalinsa. Gyaran da aka yi bayan jami'a ta sauke bayanan masu nema ba lallai ya bi ta cikin jerinta ba.

Yanzu ga maganar abin da ke zuwa daga baya, wanda a nan aka fi yin ɓari.

Ɗan SS3 yana rajistar UTME a farkon shekara, lokacin bai ma zauna WAEC ba, sai a sa masa AR. Wannan halas ne. WAEC takan fito a watan Agusta, NECO kuma sai wajen Satumba ko bayanta. Tsakanin nan jami'o'i da dama sun riga sun buɗe fom ɗin Post-UTME, wasu har sun rufe. Wanda ya dogara da NECO kaɗai, tun farko yana gudu ne da lokaci. Ranar da sakamako ya fito, aikin da ke gaba shi ne a buga shi, a kai cibiyar jarrabawar kwamfuta (CBT) da JAMB ta amince da ita ko ofishin JAMB na jiha, a ɗora. Shagon intanet na bakin layi zai iya buga maka takarda, amma ba shi da ikon ɗora ta a JAMB, ko da ya karɓi kuɗi ya ce ya yi. Bayan an ɗora, ɗalibi ya shiga shafinsa na JAMB da kansa, ya buɗe CAPS, ya duba sashen sakamakon sakandare. A waya shafin ba ya buɗewa duka sai an juya burauza zuwa fasalin kwamfuta. Da yawa suna ganin kalmar maraba kawai a saman allo, su rufe su tafi da zaton komai ya yi. A bi layi-layi: sunan jarrabawa, shekara, lambar jarrabawa, darasi biyar ɗin nan da darajar kowanne. Ma'aikacin da ya wuni yana ɗora wa mutum ɗari yana iya tsallake Fiziks, ko ya zaɓi C6 a inda B3 take. Na'ura ba ta tambayar dalili, tana ganin babu Fiziks sai ta ce bai cika sharaɗi ba.

Kuma ƙofa biyu ce. Ɗorawa a JAMB daban, ɗorawa a fotal ɗin jami'a daban. Wanda ya yi ta jami'a kaɗai, jami'ar za ta so ba shi gurbi amma CAPS ba za ta bari ba. Wanda ya yi ta JAMB kaɗai, a jami'ar da ke ƙirga kiredit, za a haɗa jimillarsa babu wancan kason, ya faɗo ƙasa cikin jeri.

Sai batun zama ɗaya. Jami'o'i da dama ba sa karɓar haɗin sakamako biyu a likitanci: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks, duka a takarda guda. Yaron da ya samu D7 a Kimistiri a WAEC, NECO ta zo ta ba shi B3 a Kimistiri amma ta kayar da shi a Lissafi, a idon irin wannan jami'a ba shi da sakamako. Idan ɗaya daga cikin biyun ta cika, ita kaɗai za a ɗora. Cusa ta biyu don kwaɗayin A1 guda yana iya mayar da shi mai zama biyu. Wanda aka riƙe wa sakamako kuwa, ko don zargin satar amsa a cibiyarsu ko don gwamnatin jiharsu ba ta biya hukumar jarrabawa ba, jami'a ba ta ajiye masa kujera. Likitanci yakan cika tun a jerin farko ko na biyu, jerin ƙarshe na cike giɓi ba kasafai yake kawo komai ba a wannan fanni.

Shekarar 2025 ta nuna cewa hukumomin ma suna sauya maki bayan fitarwa. JAMB ta amsa cewa an samu tangarɗa a na'urorinta, wadda ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da Kudu maso Gabas, aka shirya musu sake rubutawa. A watan Agusta WAEC ta fitar da sakamako mai nuna kashi 38.32 ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure a wajen ba da maki, musamman a Turanci, adadin ya koma kashi 62.96. Wanda ya yi saurin bugawa ya ɗora na farko, bai kamata ya zauna da zaton gyaran zai bi shi har CAPS ba. Ya sake bugawa, ya sake ɗorawa, ya sake dubawa. Wannan shi ne sauyin maki na gaskiya, kuma hukuma ce ke shelar sa a bainar jama'a. Duk wanda ya kira waya ya ce yana da hanya a ɗaga 240 ta koma 300, takardar bogi zai buga. Jami'a daga rumbun JAMB take ɗauko maki, ba daga takardar da aka miƙo mata ba.

Canjin jami'a ko na fanni shi ma saƙo ne da ke da lokacinsa. Jami'o'in gwamnati masu likitanci galibi wanda ya sa su a zaɓin farko kawai suke dubawa. Mai 255 da ya zaɓi inda layi ke tsayawa can sama, hikima ita ce ya canza da zarar maki ya fito, kafin wadda zai koma ta rufe fom ɗinta, sannan ya saye fom ɗin nata. Canji a JAMB ba tare da rajistar tantancewa a sabuwar jami'ar ba, kuɗi ne aka zubar. Akwai kuma saƙon da ke zuwa daga jami'a, na neman amincewar ɗalibi a mayar da shi wani fanni, Anatomi ko Fiziyoloji ko Bayokimistiri. A karanta da kyau kafin a danna. Wanda ya amince, aka ba shi gurbin ya karɓa, ya fita daga layin likitanci na wannan shekara. Ana yawan lallashin yara da cewa su shiga daga baya sa canza. Adadin MDCN yana nan bai motsa ba, ajin ya riga ya cika, wasu jami'o'in ma ba sa karɓar mai canjin sashe zuwa MBBS sam. Wanda zai karɓi Fiziyoloji ya karɓa da niyyar karanta Fiziyoloji, ko da niyyar sake UTME daga ciki.

Masu DE, wato masu neman shiga aji biyu kai tsaye da takardar share fage ta IJMB ko JUPEB ko digiri na farko, su ma AR na cin su, har ya fi. Gurabunsu a aji biyu kaɗan ne, ana neman kusan cikakken maki a Bayoloji, Kimistiri da Fiziks, kuma JAMB ba ta sakin gurbi sai makarantar da ta ba da takardar ta tabbatar da ita. Jinkirin wasiƙa ɗaya daga tsohuwar makaranta ya isa ya cinye shekara, don haka a bi sawunta da ƙafa.

Samun gurbi ma ba ya rufe lissafin maki. A jami'o'i da yawa ɗan aji ɗaya sai ya ci 50 cikin 100 a Fiziks, Kimistiri da Bayoloji kafin ya haye aji biyu, wanda ya gaza a nema masa wani sashe. A nan ne A1 ɗin da aka samo a cibiyar da ake ba da amsa take tona asirin mai ita.

Makin UTME na shekara ɗaya ne, yana mutuwa da zangon ɗaukar ɗalibai. Sakamakon sakandare ba ya mutuwa. NECO ɗin da ta makara, ko WAEC ta masu zaman kansu da aka rubuta a ƙarshen shekara don gyara C5 ta koma A1, ba za ta ceci bana ba, amma ranar rajista mai zuwa yaro zai shiga cibiyar CBT da ita a hannu, a ɗora ta nan take, ya fito da silif ɗin da babu AR a jikinsa.