Ƙugiyar da aka buɗe ba ta komawa kan sarƙata

Sana'armu haɗa sarƙar tarko ce da gyaranta. Tarkon kansa wasu ke ƙerawa, mu namu aikin daga gindin tarko ne zuwa turke: sarƙa, majuyi (mahaɗin da ke juyawa don kada sarƙa ta murɗe), ƙugiyoyi, zobba, da ɗan sifirin ɗin nan mai rage fizga. Masu sayenmu yawanci manoma ne da makiyaya da dila ko kura ta addaba, sai masu kama namun daji da rai don bincike ko don a sauya musu wuri. Duk wanda ya shigo, bakin tarko yake fara dubawa, ya danna ya ji ƙarfinsa. Ni kuwa cikin tarkunan da ake kawo mini gyara bayan dabba ta tsere, da wuya in ga wanda sarƙarsa ta tsinke a tsakiya. Kullum a mahaɗi ne, inda wani ɗan ƙarfe da bai kai yatsa ba ya buɗe baki.

Sarƙa mai kyau ta fi ƙarfin abin da ake kamawa nesa ba kusa ba. Sarƙa mai lamba 30, wadda ita ce mafi rauni cikin sarƙoƙin da ake ba lambar ƙarfi, idan kaurinta ya kai kusan milimita 5, nauyin da aka yarda ta yi aiki da shi wajen kilo 360 ne, kuma sai an ninka wannan kusan sau huɗu kafin ta tsinke. Dila da ƙyar yake kai kilo 15. To me ke buɗe ƙugiya? Fizga da murɗa. Dabbar da ta ji ƙarfe a ƙafa takan zabura da gudu har sarƙa ta ƙare, sai ƙarfin gudun nan gaba ɗaya ya sauka lokaci guda a kan mahaɗi. Ta koma ta sake, ta yi birgima, ta kewaya turke, haka har gari ya waye. Shi ya sa ba na barin sarƙa ta yi tsawo ba dalili, don tsawon nan filin gudu ne.

Ƙugiya mai lanƙwasa biyu, mai kama da harafin S, ita ce aka fi rainawa. Marigayi maigidana da ya koya mini aiki ba ya karɓar ƙugiya daga hannun yaro sai ya ɗaga ta sama ya duba. In haske ya ratsa tsakanin baki da jiki, sai ya ce, "Yaro, wannan ƙofa ka bari." A wurinsa na koyi matse ta da awartaki a ja ɗaya, ba tare da ta karkace ba, sannan a ɗiga mata walda a baki. Ɗigon waldar nan shi ke mayar da ita zobe rufaffe, kuma bambancin ƙarfinta da wadda aka matse kawai ba kaɗan ba ne. Yana da wani gwajin da har yau nake yi wa duk sabon kayan da aka kawo: a ɗauki ɗaya daga cikin buhu, a danne ta a ƙarfen matse kaya, a buga da guduma. Ƙarfen kirki lanƙwasa yake yi. Wanda ya ɓalle kamar busasshen kara, buhun nan duka komawa yake inda ya fito.

Rigimata da masu saye a kan maimaita kaya take. Mutum zai kawo tsohon tarko ya ce, "Malam, ai ƙugiyar nan lafiyarta ƙalau, buɗe ta kawai ka sauya sarƙa ka mayar." Ba na yi. Ƙarfe in an lanƙwasa shi a sanyi, daidai gwiwar nan yakan taurare ya rasa laushinsa. An rufe ta sau ɗaya a farko, in na buɗe sau biyu ke nan, in na sake rufewa uku, duk a wuri guda. A lokacin ƙananan tsaga da ido ba ya gani sun riga sun fara, tsatsa kuma ta samu hanyar shiga. Za ta yi kyau a ido, ta jure ja da hannu, sannan ta karye ranar da aka fi bukatarta. Haka ƙusar majuyi mai ƙugiya a baki, wadda ke riƙe sarƙa da tarko: da zarar an buɗe ta, yanke ta nake da almakashin ƙarfe in jefa cikin tarkace, don kada wani yaro ya tsinta ya mayar. Wasu sukan ce dabarar sayar da sabon kaya ce. Cikin duk abin da ke jikin tarko babu mai araha kamar ƙugiya, wa zai yi arziki da ita?

Akwai abin da nake maimaitawa da zuciya ɗaya. Sarƙa, in na wanke ta na bi ta zobe-zobe, ban ga wanda ya miƙe ba, kuma cin da ke wurin gogayya bai kai kashi 10 cikin 100 na kaurinta ba, tana komawa aiki. Jikin majuyi ma haka, in raminsa bai faɗaɗa ba, sabbin ƙusoshi kawai yake so. Sai zobe mai noti, wanda dama don a buɗe a rufe aka yi shi. Sharaɗinsa noti ya shige har ƙarshe, a ɗaure da sifana, ba da yatsa ba, don in an bar shi a buɗe ko da kaɗan, ƙarfinsa ya zube. Kuma idan noti ya ƙi murɗuwa cikin sauƙi, kada a tilasta masa, alama ce zoben ya riga ya miƙe. Sifirin kuwa ba a kai masa wuta ko kusa, zafi na kashe masa ƙarfin komawa.

Majuyi uku nake sa wa sarƙa: ɗaya a gindin tarko, ɗaya a tsakiya, ɗaya a turke. Ciyawa da laka sukan toshe ɗaya, sauran su ci gaba da juyawa. In duk suka tsaya, sarƙa ta murɗe ta zama sanda, murɗar nan kuwa a ƙafar dabba take ƙarewa. Ko dabbar da ta yi maka ɓarna ba ta cancanci ta kwana da karyayyar ƙafa ba, balle ta tsere tana jan tarko cikin daji har ta mutu. Ƙasashe da dama ma sun sa doka a kan irin tarkon da aka yarda da shi. Tarayyar Turai ta zartar da dokar hana tarkon da ke damƙe ƙafa tun 1991, don haka kowa ya san dokar inda yake kafin ya ɗana.

Abin da ke ci mini rai shi ne kayan jabu. Majuyi na zubi da aka yi da tutiya, an shafe shi yana walƙiya, nauyinsa a hannu kamar na gaske, amma bugu ɗaya ya rabe biyu. Sarƙa mai waldar gefe guda, wadda in ka sa zobenta a ƙarfen matse kaya ka murɗa sai bakin ya buɗe. Masu kwaikwayon aikinmu da irin waɗannan suke haɗawa, har tsarin majuyi ukun sun kwafa, mai saye kuma ya zo yana ce mini ga irinta can da rahusa. Nakan miƙa masa guduma in ce ya kawo tasu mu gwada tare da tawa. Kayan da aka shafa wa tutiya ma ba na barin a yi musu walda sai an kankare, don hayaƙinta na sa zazzaɓi, waldar kuma ba ta kamawa sosai.

Mai tsohon tarko ya kawo shi yadda yake, da lakarsa da tsatsarsa, kada ya buɗe komai a gida. Za mu duba a gabansa, ya ga abin da zai koma da abin da za a yanke.