Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Aka Hana Ni Wa'azi

Makon jiya na tsaya a inda aka mai da ni sashen masu fama da shaye-shaye. Yau ku yi haƙuri, zan tsallake shekara uku. Aurena na biyu da komawata Mabera duk suna nan tafe, amma tun ranar Talata maganar Inna ke yi mini kai-kawo a ka.

Inna, Allah Ya jiƙanta, ba ta da dogon zance. In ka kawo mata ƙarar wani, sai ta ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," ta ci gaba da tankaɗenta. Haushi maganar take ba ni a lokacin, gani nake gudun faɗa ne kawai.

A 2019 aka tura mu kwas na kwana biyar. Lokacin ƙasa ta ɗauki zafi. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC, sannan binciken ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka sha ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Mu da ke karɓar 'yan kabu-kabu da matan aure kullum, ba mu yi mamaki ba.

Abin da aka je koya mana shi ne hirar zaburarwa, wato hirar da ke sa mutum da bakinsa ya faɗi dalilin da zai bar wani hali. Ranar farko malamar ta raba mu biyu-biyu, ta ce ɗaya ta faɗi wani hali da take son bari, ɗayar kuma ta shawo kanta. Abokiyar zamana ta ce sukari take son ragewa a shayi. Ai kuwa na zage. Ciwon suga, makanta, yanke ƙafa, ban bar komai ba, har ina jin daɗin kaina. Ita kuwa baiwar Allah sai ta koma kare kanta, wai ai cokali biyu ne kawai, wai kakarta ta kai tamanin tana sha. Malamar ta ce in tambaye ta me za ta yi gobe da safe. Ta ce, "Shayina zan sha."

Kowa ya yi dariya ban da ni, don ƙanena Auta na gani zaune a gabana.

Kun san Auta. A 2014 yana kabu-kabu tsakanin Runjin Sambo da kasuwa, a nan ya koyi tiramol, wai don kada ya gaji. Ni ce mai ilimin asibiti a gidan, don haka ni aka bar wa shi. Dare nawa na tsare shi a zaure ina lissafa masa farfaɗiya da mutuwar kwatsam, ina tuna masa sunan gidanmu. Yakan sunkuyar da kai har in gama, sannan ya ce, "Yaya, kin ƙare? Duk abin da kinka hwaɗi na sani." Ban taɓa tambayarsa abin da shi yake so ba, ko sau ɗaya. Daga baya Kawu ya yanke hukunci aka kai shi gidan mari. Wata takwas. Ya dawo da tabo a idon sawu, bai yi sati biyu ba ya koma. Har gobe Kawu cewa yake an yi abin da ya dace, kuma na san 'ya'yansa suna karanta wannan. Su gaya masa ban yarda ba. Ranar da za a tafi da shi Inna ta faɗi maganar tata a bakin ƙofa, ba wanda ya waiwaye ta, har ni.

Wanda ya faro hirar zaburarwa wani Ba'amurke ne, William Miller. A 1982 ya je Norwe, matasan masu nazarin halayyar ɗan Adam suka riƙa tsayar da shi suna tambayar me ya sa ya faɗa wa mashayin giya kaza bai faɗi kaza ba. Daga amsoshin nan ya yi rubutunsa na 1983, sannan shi da Stephen Rollnick suka fitar da littafi a 1991. Gundarin abin: mashayi zuciyarsa biyu ce, ɗaya na son bari, ɗaya ba ta so. In ka riƙe ɓangaren bari, dole shi ya riƙe ɗayan, kuma abin da mutum ya ji bakinsa na faɗa shi yake bi. Aikinka ka yi tambayar da ba a amsa ta da e ko a'a, ka yaba abin da ya cancanci yabo, ka mayar masa da maganarsa ya ji ta, ka dunƙule masa ita a ƙarshe.

A baki sauƙi gare shi. Da muka koma aiki aka ce kowa ya naɗi hira guda a waya, da izinin majinyaci. Da aka ƙirga tawa, tambaya 19, mayar da magana 2. Ana so mayarwar ta ninka tambaya ne. Na ji kunya ƙwarai, sai malamar ta ce Miller da kansa ya gano cewa masu fitowa daga bita suna jin sun ƙware, amma in an saurari hirarsu sai a tarar canjin kaɗan ne, sai an bi su da gyara. Wata shida ana gyara ni. Wani babba a wurinmu, ba zan kama suna ba, yana wucewa yana cewa lallaɓar Turawa ce, ɗan ƙwaya tsawa ya sani. Bara ya zauna a ajin da nake koyarwa, a layin baya. Tasa hirar ma na ƙirga.

Yanzu duk wanda na horar, da atisayen shayin nan nake fara masa, kuma sai na faɗa musu maganar Inna kafin in ambaci Miller.

Da babbar Sallar da ta wuce Auta ya zo gaishe ni. Muna cin soyayyen nama na ce masa, daga sifili zuwa goma, nawa barin abin nan yake da muhimmanci a wurinsa. Ya kalle ni kamar bai san ni ba, ya ce uku. Wallahi wa'azi ya taso mini har maƙogwaro. Na haɗiye, na ce me ya sa uku, bai ce sifili ba?

Ya daɗe yana juya tsokar da ke hannunsa. Sannan ya ce ɗiyarsa ta laluba aljihunsa ta ciro katin ƙwayar, ta ɗauka alewa ce, har ta fara ɓarewa. Na ce, "Abin ya tsorata ka." Ya ce, "Yaya, ban yi kwana ba ranan nan." Ya yi ta magana har aka kira la'asar, naman ya huce a faranti.

Mako mai zuwa zan koma kan komawata Mabera, in Allah Ya kai mu.