Daga Bencin Baya

Mako uku ke nan da kwalejinmu ta turo ni koyarwar gwaji a wata makarantar je-ka-ka-dawo a Zariya. Aji biyu na ƙaramar sakandare aka ba ni, yara 74, benci ɗaya mutum huɗu.

Makon farko ko alli ban taɓa ba. Malamar Turanci ta ce in zauna can baya in zuba ido, in an gama in tattara littattafai in yi maki. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba.

Ran Talata ta rubuta "pan" da "fan" a allo. Ajin gaba ɗaya suka karanta su iri ɗaya, ni ma da ƙyar na sha, tunda Hausa ba ta raba waɗannan sautuka biyu. Ba ta yi faɗa ba. Ta yayyaga takarda ta raba, kowa ya riƙe a gaban bakinsa: in ka faɗi na farko daidai, takardar sai ta yi tsalle, na biyu kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Aji ya kaure da dariya, wani yaro kusa da ni har da feshin yawu.

Jiya ta miƙo mini allin. "Malam ƙarami, minti 10 naka ne." Na zuba Turanci, gumi na keto mini, yara sun yi tsuru-tsuru.

Da aka tashi na ce, "Ranki ya daɗe, yaya kika gani?"

"Ka yi ƙoƙari, sai dai ƙeyarka kawai suka gani. Gobe ka juyo ka dube su."