Daga Bakin Ruwan Manhattan Zuwa Kasuwar Harlem

Da sanyin safiya na shiga jirgin fito mai zuwa tsibirin Staten, wanda tun 1997 ba a biyan ko sisi. Sai mutum ya kai tsakiyar ruwa zai gane abin da ya gina New York: tashar jiragen ruwa mai zurfi a bakin kogin Hudson. Turawan Holan ne suka fara yada zango a nan suna sayen fatun namun dawa, mutanen Ingila suka ƙwace garin a 1664. Amma arziki bai buɗe sosai ba sai 1825, da aka gama haƙa hanyar ruwa ta Erie, wadda ta haɗa Hudson da manyan tafkunan cikin ƙasa. Alkama da katako suka riƙa gangarowa nan, biranen Boston da Philadelphia, abokan gasar New York, suna ji suna gani.

Jiragen dakon kaya kuwa, sai can gefen New Jersey na hango su. Lodi da kwantena, wanda aka soma a 1956, shi ya kashe tasoshin Manhattan, tsibirin da ke tsakiyar birnin. Kaya sun ƙaura, kuɗin dai suna nan.

Wall Street, cibiyar hada-hadar kuɗi da ake ta zuzutawa, ashe ɗan tsukakken titi ne, rana ma da ƙyar take leƙa shi. A bakinsa aka buɗe kasuwar bayi a 1711. Na taka gaba kaɗan zuwa makabartar 'yan Afirka, wadda ba a tuna da ita ba sai 1991, da ana haƙa harsashin wani ginin gwamnati aka ci karo da ƙasusuwan mutum 419. A ganina nan ya fi cancanta baƙo ya tsaya, ba gaban gunkin bijimin da masu yawon buɗe ido ke bin layi su shafa ba.

Da la'asar na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Harlem, titi na 116. Kasuwar Malcolm Shabazz da na tarar a nan ta samu ne bayan magajin gari Giuliani ya kori masu kasa kaya daga titi na 125 a 1994. Ina cikin duba huluna, wani dattijo ɗan Nijar ya ji ni ina waya da Hausa.

"Malam, daga gida?"

"Daga gida, Alhaji. Ina ciniki?"

"Sai godiya. Kuɗin haya ne dai ke cinye riba."

Na taya wata jakar fata dala ashirin, ya ce albarka. Sai da na kai talatin ya sallama.