Kifin tafkin ƙauye a Ingila yana da mai shi

'Yan uwa Kanawa da ke shirin tahowa Ingila karatu ko aiki, musamman waɗanda za su zauna a ƙananan garuruwa, ga wani abu da ke jefa baƙi cikin rigima. Za ku ga tafki a bakin ƙauye, manyan kifaye suna yawo a ciki, ba mai gadi. Kada wanda ya saba sayen kifin Tiga ya ɗauka na miya ne.

Da yawa daga cikin tafkunan nan ramuka ne da aka haƙi tsakuwa ko yumɓu ruwa ya cika su, kamar dai kududdufan cikin birni, wasu kuma rafi aka datse a gona. Wanda ya fi suna shi ne Redmire, a yankin Herefordshire, bai wuce eka 3 ba. A 1934 aka zuba masa 'ya'yan kifin kaf (wani kifin ruwan daɗi da Turawa ke kira carp) guda 50 don su rage ciyawar ruwa. A 1952 wani mai fatsa, Richard Walker, ya kama ɗaya mai nauyin kusan kilo 20, aka kai shi gidan namun daji na Landan da ransa. A 1980 Chris Yates ya kama wani mai kilo 23 da 'yan kai. Labarin irin waɗannan kifaye ne ya sa masu tafkuna suka gane akwai kuɗi a ruwan. A yashe laka, a zuba kifi, a kewaye da waya saboda karen ruwa, sai a fara sayar da tikiti.

Mai zuwa da fatsa ba nama yake saye ba. Ya kama, ya auna, ya ɗauki hoto, ya mayar. Babban kifi yakan yi shekaru da dama a ruwa, har suna ake raɗa masa, kuma shi ne jarin mai wurin. Ɗauke shi ba izini sata ce a doka.

Takarda biyu ake buƙata: lasisin fatsa na hukumar kula da muhalli, wanda ya wajaba daga shekara 13, da tikitin mai tafki. Rashin lasisi na iya jawo tarar da ta kai fam 2,500. Yawancin wurare suna neman a zo da koma, wato ragar ɗebo kifi daga ruwa, mai faɗin inci 42 da jiƙaƙƙiyar katifa ta ɗora kifi, don busasshiyar ƙasa tana goge yauƙin jikinsa, cuta ta samu hanya. Wasu ba sa yarda da ƙugiya mai ƙaya. Kafin a kusanci ruwa ana tsoma koma a maganin kashe ƙwayoyin cuta ko a shanya ta ta bushe sarai, saboda akwai annobar kifin kaf da ke tashi idan ruwa ya yi ɗumi, kuma jiƙaƙƙen kaya ne ke kai ta wani tafkin.

Wanda ya samu aiki a irin wurin nan, lokacin zafi zai fi shan wahala. Bayan kwanakin zafi da tsawa, iskar da kifi ke shaƙa tana raguwa a ruwa, ta fi ƙasa da asuba. Da an ga kifi sun taso suna buɗe baki, sai a kunna injin feshin ruwa nan take, a dakatar da zuba koto, domin ragowarsa da ke ruɓewa a ƙasa tana ƙara cinye iskar.