Abin da tsohuwar Fijo 504 ta koya min a kan sigina

Duk wanda ya koyi rewaya a garejin da tsofaffin Fijo ke shigowa ya san 504 makaranta ce guda. Tun 1968 Faransa ta fito da ita, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna, shi ya sa har gobe ba ka rasa ta a hanyoyin ƙauye tana jan kaya da fasinja. Ba kwamfuta a cikinta balle ka jona na'ura ta faɗa maka ciwon, daga kai sai testa da idonka.

Abin da ya fi zauna min a kai shi ne maganar at, wato hanyar da wuta ke bi ta koma batir. Wuta ta waya take fita daga batir amma ta jikin bodi take komawa, ƙarfen motar shi ne waya ta biyu. To mota ta sha damina talatin ko fiye, tsatsa ta cinye inda fitilar baya ke haɗuwa da bodi, sai ka ga abin mamaki, ka sa sigina ta hagu fitilar birki na ƙyafta ido tare da ita dishi-dishi, ka taka birki sigina ta tsaya cak, mai mota har ya fara cewa anya ba hannu aka sa wa motar nan ba. Ba wani hannu, wutar ce ta rasa hanyar komawa ta bi ta cikin wani ƙwan fitilar, musamman mai zare biyu ɗin nan na 21 da 5 wat. Maigidana ko sukurudireba ba ya ɗauka, doguwar waya kawai zai jawo daga negatif na batir ya taɓa jikin holda, wato mazaunin ƙwan, in fitila ta washe nan take sai ya ce "ɗauko samfefa yaro". A goge, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris, an gama.

Filasha kuwa, wato abin da ke sa sigina ƙyafta ido, Allah sarki, ita ake fara ɗora wa laifi, a ruga Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, a sayo sabuwa alhali lafiyarta ƙalau. Ta da ɗin wani siririn ƙarfe ne a ciki, ya yi zafi ya lanƙwashe ya yanke wuta, ya huce ya dawo, kuma da nauyin ƙwai biyu masu 21 wat aka auna ta, in ɗaya ya mutu dole bugunta ya canza. Haka in samari suka cusa mata ƙwan LED don gayu, ba ya jan wutar da za ta ɗumama ƙarfen.

Sai fiyus. Wani dattijo ya kawo tasa, da ya sa sigina ta dama fiyus ya tashi, ya ce "kai ɗana naɗa min waya a wajen kawai, sauri nake". Na ce Baba ka yi haƙuri, in na naɗa waya abin da zai ƙone ba fiyus ba ne kuma, wayarin ne gaba ɗaya, wataƙila har da motar. Muka bi layin da hannu tun daga gaba har but, can inda wayoyi ke ratsa ƙarfe robar da ke ramin ta bushe ta faɗi, bakin ƙarfen ya yanke rigar waya tana taɓa bodi duk sanda aka faɗa gargada. Salatif da guntun tiyo muka sa, muka mayar da fiyus daidai lambarsa, Baba ya biya yana ta mita wai mun ɓata masa lodin Ɗambatta.