Motata ta ce ƙas-ƙas a Jega, kuma batirin lafiyarsa ƙalau

Tsohuwar Golf gare ni mai giyar hannu, da ita nake zirga-zirga tsakanin Birnin Kebbi da Jega. Cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, na fito daga kasuwar Jega na murɗa makulli, sai na ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, inji ko motsi bai yi ba. Kafin in buɗe bonet har an taru, kowa bakinsa ɗaya: batir ya mutu. Samari suka tura ni, na sa giya ta biyu na saki kuloci, ta tashi.

Ban yarda da hukuncin ba, don batirin bai shekara ba. Washegari na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran wayar mota a Birnin Kebbi. Bai taɓa sifana ba sai da ya ce, "Malam, kunna hitila ka murɗa in ji." Fitilun gaba suka kama tar. Ina murɗawa suka dushe kamar za su mutu, ƙarar nan ta dawo.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne wannan. A jikin kik, wato na'urar da ke juya inji ya tashi idan an murɗa makulli, akwai ɗan maganaɗisu mai aiki da wuta, shi ke cilla haƙorin kik ya kama inji, ya kuma haɗa babbar waya. Shi ɗan wuta kaɗan ya ishe shi, amma kik ɗin kansa yakan ja fiye da amfiya 100 (ma'aunin yawan wutar da ake ja) a lokaci guda. Idan wutar ba ta isa ba, da ya haɗa sai ƙarfi ya faɗi, ya saki, ƙarfi ya dawo, ya sake haɗawa. Wannan kamawa da sakin ita ce ƙas-ƙas ɗin da kunne ke ji. Ƙarar tana cewa wuta ba ta isowa, ba ta faɗi dalili ba. Ko batir ya yi sanyi, ko kuwa hanyar ce ta toshe.

Dattijon ya ɗauko mita ya ɗora a kan dalmar batirin kanta, ba kan maƙalar waya ba. Ta nuna ƙarfin wutar bolt 12.5 ne. Cikakken batir da ya huta yakan ba da wajen 12.6, wanda ya sauko 12.2 ya kai rabi. Ya ce in sake murɗawa. Da batirin ne ya gaji, da lambar ta rufto ƙasa da 10. Ba ta rufto ba, tana nan sama da 12 duk da fitilu na dushewa. Ya dube ni ya ce, "Batirinka lahiya lau ya ke, wuta ta ba ta wucewa."

Muka cire kawunan batirin, baƙar waya da farko, don in sifana ta taɓa jikin mota kada ta yi tartsatsi. Akwai ɗan farin gari a kai, aka wanke da ruwan zafi, aka goge da samfefa, aka ɗaure. Ƙas-ƙas bai daina ba. A nan ne na ga gwanintar da ta sa nake wannan rubutu. Ya ɗauki wayar jona batir guda ɗaya, ya maƙala baki ɗaya a kan ragi na batirin, wato kan da baƙar waya ke ɗaure, ɗayan a jikin ƙarfen inji. Murɗa ɗaya mota ta tashi.

Ashe inda baƙar waya ta ɗauru a jikin mota, can ƙasan mazaunin batir inda ido ba ya kai, tsatsa ta cinye wurin, notin kuma ya saki. Wuta tana fita ta jar waya, amma dole ta komo ta jikin ƙarfe, kuma wannan hanyar komowar mutane ke mantawa da ita. Aka kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, aka sa sabon noti da washa, aka shafa giris. Da inji na aiki ya sake aunawa, mita ta nuna 14 da ɗan ɗoriya, alamar cewa cajin mota na aiki, tunda abin da ake so tsakanin 13.5 ne da 14.5.

Abin da ke damuna, da na sayi sabon batir a ranar, wataƙila motar ta tashi na ɗan lokaci saboda an girgiza wayoyi wurin ɗaurawa, sannan ciwon ya dawo, in zargi mai shago alhali ba laifinsa. Mutane da yawa suna asarar kuɗi ta nan, a wannan zamani da batir ya yi tsada.

Akwai wata ƙarar dabam da ya kamata a bambance. Idan ƙas ɗaya ka ji mai ƙarfi, fitilu kuma ba su dushe ba, to hankali ya koma kan kik: ko burushinsa, ɗan gawayin da ke kai wuta cikinsa, ya cinye, ko tagullar da ke haɗa wuta a cikin maganaɗisun ta ƙone. Ana ɗan ƙwanƙwasa kik ɗin yayin da wani ke murɗa makulli, sau da yawa yakan tashi ya kai ka gareji. A yi a hankali, don dukan ƙarfi na fasa maganaɗisun da ke cikin wasu kik ɗin, kuma a tabbatar mota tana firi an ja birkin hannu. Kada a kusanto da sigari ko ashana, batir na fitar da iska mai kama wuta.

Mai mota otomatik kuwa turi ba ya tayar da ita, don haka wayar jona batir da sifana lamba 10 su zauna a but ɗinsa.